Yadda Gaisuwa Ta Kusa Raba Mu da Baba

Idan kana da mara lafiya a gida, ka lura da safe garas yake, da yamma kuma kamar an zare masa laka, to ka daure ka karanta wannan har ƙarshe. Wata bakwai na yi ina jinyar mahaifina a cikin garin Bauchi. Da wani ya rubuta mini irin wannan tun farko, da an rage mini wahala, da kuma baƙin jinin da na kwasa a unguwarmu.

Baba tsohon hedimasta ne. Ya fi shekara talatin yana koyarwa a firamare, kuma rabin masu furfurar da ke zaune a ofisoshin garin nan sun sha bulalarsa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Ƙanwarsa, Gwaggo Asabe, ita take zaune da shi tun da nata mijin ya rasu. Ni ina aure a Tirwun, ina aiki a sakatariya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka daga shi har Gwaggo ba mai kama sunana, Iya suke ce mini. Wannan bai taɓa hana Gwaggo yi mini faɗa ba.

A satin farko fatar idonsa ta dama ce ta fara saukowa. Da safe lafiya lau, amma kafin la'asar sai ta rufe rabin idon, sai ya ɗaga kai sama yana kallon mutum ta ƙasa. Gwaggo ta ce karatun jarida ne ya yi masa yawa. Maƙwabcinmu ya ce hawan jini ne. Aka gwada jini, ya fi nawa kyau. Na kai shi wajen masu duba ido, suka canza masa tabarau, muka biya muka dawo, ido ya ci gaba da saukowa a bayan sabon tabarau.

A sati na biyu muka je babban asibiti. Duk wanda ya san asibitin gwamnati ya san sai ka yi sammako idan kana son ganin likita a ranar. Muna idar da sallar asuba muka hau keke, na karɓi kati, muka zauna a benci. Awa uku Baba yana zaune ya jingina da bango, idonsa a rufe yana lazimi. Da aka kira mu muka shiga, sai ga ido tangararan, ya buɗe kamar ba shi ba. Likita ya tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na ce likita ba sauƙi, da yamma ba ya iya buɗe idon nan. Baba ya harare ni, don a wajensa faɗin ciwo a gaban baƙo raki ne. Likita ya haska masa fitila, ya ce ya ɗaga hannu, ya ɗaga, ya ce ya matse masa yatsu, ya matse har sai da likitan ya yi dariya. Aka rubuta mana maganin ƙarin jini. Muka hau keke muka dawo gida.

Sau uku muna yin wannan zuwan. Sau uku ciwon yana ɓuya a kan bencin asibiti, ya jira mu a gida. Ban san hutun da yake yi a layi ne yake ɓoye shi ba, ni dai na fara jin kamar likitocin suna yi mini kallon mai neman suna da ciwon uba.

A sati na huɗu ya daina cin nama. Ya ce naman yanzu duk tauri gare shi, mahauta sun lalace. Sai na lura ko tuwo ne, loma biyar ta farko lafiya, daga nan sai muƙamuƙinsa ya tsaya, ya sa hannu ya tallafi haɓarsa. Muryarsa ma haka. Zai fara magana da muryar nan da take tsayar da yara ɗari biyar a filin makaranta, kafin ya kai ƙarshen labari ta koma ta hanci, kamar mai mura. Ranar da na ga ruwan da ya sha ya fito masa ta hanci, na shiga ɗakin Gwaggo na yi kuka.

Daga nan kowa ya zama likita. Aka kawo zuma, aka kawo habbatus sauda, aka kawo man shanu a shafa a wuya. Wata ta ce baki ne ya kama shi, wani ya ce shanyewar ɓarin jiki ce take sallama. Gwaggo ta karɓo rubutu a galan. Ban ƙi addu'a ba, Allah ya sani, amma mutumin da yake ƙwarewa da cokali ɗaya na ruwa shi ake miƙa wa kofi cike a ce ya shanye da bisimilla. Da na yi magana sai Gwaggo ta ce boko ya cinye mini imani.

Babban kuskurenmu a sati na biyar muka yi shi, kuma da hannuna a ciki. Jikinsa ya ɗan yi zafi, aka kira wani mai kemis da unguwa ta yarda da shi. Ya ce taifot ne da maleriya suka haɗu, abin da yake faɗa wa kowa ke nan. Ya yi masa allura ta kwana uku. A rana ta biyu Baba ya kasa ɗaga kansa daga filo, wuyansa ya saki. Daga baya aka gaya mini akwai allurai da magungunan da suke ƙara rura irin wannan ciwo, kuma wadda aka yi masa tana cikinsu. Ni na riƙe masa hannun riga aka yi ta. Ina roƙon duk mai karanta wannan, kada ka bari a soka wa mara lafiyarka abin da ba a san ciwonsa ba.

Abin da ya cece mu wayata ce. Wata la'asar na jingina ta da kwanon sha, na ɗauke shi yana cin abinci bai sani ba. Washegari muka koma asibiti, muka dace da wata likita, matashiya, ba ta kai ni shekaru ba. Baba ya fara da sauƙinsa, ni kuma na ajiye mata waya a kan tebur. Ta kalla har ƙarshe, ta sake kallo. Sai ta ce masa ya kalli silin kada ya ƙifta. Kafin minti ɗaya fatar idon ta fara zamowa a gabanta. Ta ce ya ƙirga daga ɗaya zuwa hamsin da ƙarfi, a wajen talatin murya ta shige hanci. Ta aika aka sayo ruwan leda mai ƙanƙara, ta ɗora masa a kan idon na minti biyu, ta ɗauke, ido ya buɗe tar. Wallahi ji na yi kamar in rungume ta. Sati shida ana mayar da ni maƙaryaciya, ga shi ruwan leda ya wanke ni.

Ta faɗi sunan ciwon, mayasteniya, na sa ta maimaita na rubuta a bayan kati. Bayanin da ta yi mana ya zauna mini daram, don da hannunta ta yi shi. Ta haɗa kan yatsunta biyar a kan tebur, ta bar ɗan rami a tsakiya.

Ta ce, “Baba, jijiya ba ta taɓa tsoka. Saƙo take fesa mata. A jikin kowace ƙwayar tsoka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa masu karɓar saƙon, ido ba ya ganinsu, kowanne gaɓa biyar ne a zagaye kamar haka. Idan saƙo ya sauka a wuri biyu a jikinsa, sai ramin tsakiyar ya buɗe, gishirin jiki ya kwarara ciki, tsoka ta motsa. To garkuwar jikinka ce ta yi kuskure, ta ɗauke su abokan gaba, tana toshe wasu tana lalata wasu. Kaɗan suka rage. Idan ka huta suna iya ɗaukar aikin, idan aiki ya yi yawa sai su gaza.”

Baba, da yake malami ne, ya ji daɗin bayanin fiye da ni. Har tambaya ya yi mata, ko sababbi suna fitowa. Ta ce suna fitowa, idan aka lallashi garkuwar ta daina kai musu hari. Sai ta juyo wajena ta faɗi maganar da ta zame mini aiki har yau. Ta ce tsokar da yake magana da ita, da ita yake tauna, da ita yake haɗiya, kuma ƙarfin guda ɗaya ne. Idan ya ƙare a hira, babu na tuwo. Idan kuma ya ci abinci da gajiyayyen maƙogwaro, abincin huhu zai tafi.

Aka ɗebi jininsa aka aika wani gari, don ba a yin gwajin a nan. Sati uku muna jira, kuma sai da ɗan kunnena na gwal ya tafi. Aka yi hoton ƙirji. Ƙwayar da aka rubuta masa na zaga kantunan magani tun daga Wunti har Yelwa ban samu ba, sai daga Jos aka sako mana a mota. Ƙwayar ba gyara take yi ba, tana dai sa saƙon ya daɗe a wurin har 'yan kaɗan ɗin da suka rage su kama shi. Ana sha, a jira kamar minti arba'in, sai ƙarfi ya zo, a ci abinci a cikin wannan ɗan lokacin. Akwai wata kuma ta kwantar da garkuwar jiki, ita sai a hankali take aiki. Ranar farko da ya sha ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Na ce shi ke nan, mun haye.

Ashe ban san da mutanen Bauchi ba. Labari ya bazu cewa Hedimasta ba lafiya, sai dubiya ta ɓarke. Tsofaffin ɗalibai, tsofaffin malamai, 'yan masallaci, dangi daga Inkil, ƙungiyar 'yan fansho. Zaure ya cika, takalma har bakin titi. Allah ya saka musu da alheri, don da zuciya ɗaya suke zuwa, wasu da lemo, wasu da ɗan kuɗi a ambulan. Amma kowa ya san gaisuwarmu ba ta da gajeren zango. Ina wuni, ina gajiya, yaya jiki, yaya gida, yaya iyali, yaya aka ji da haƙuri, Allah ya ƙara sauƙi, amin, Allah ya sa kaffara ne, amin. Mutum goma suka shigo tare, kowanne sai ya yi tasa daga farko. Shi kuma Baba ba zai ɗaga hannu kawai ba, ya ce wannan girman kai ne. Sai ya amsa kowace, sannan ya ɗora da tasa: ɗan wane ne kai, wace shekara ka fita, ina wane da kuke zama benci ɗaya. Ƙarfin da na saya daga Jos, ina ji ina gani, yana tafiya a yaya iyali. Kafin su tashi lokacin ƙwaya ya wuce, tuwo ya huce, muƙamuƙi ya mutu.

Na roƙe shi. Ya ce mutum ya taso takanas saboda shi, ba zai yi masa shiru ba. Na rubuta a kwali cewa dubiya daga ƙarfe huɗu zuwa biyar, na liƙa a ƙofar zaure. Ko awa ɗaya bai yi ba Gwaggo ta ɓalle shi ta sa a murhu.

Ta ce, “Iya, nan gidan mutunci ne, ba sakatariya ba. Ubanki ba gwamna ba ne da za a ce sai an ba da lokacin ganinsa. So kike a ce mun ƙi mutane?”

Na ce mata so nake ya ci abinci. Ta ce abinci ai ba ya guduwa. Ta yaya zan fahimtar da ita abin da ido ba ya gani? Na haɗa mata yatsu biyar yadda likita ta yi, ta kalli hannuna ta ce Allah ya shirye ni.

Ranar wata Juma'a, a sati na goma sha ɗaya, abin da nake tsoro ya faru. Na je ofis da safe don an fara yi mini maganar fashin aiki. Ana saukowa daga masallaci jama'a suka biyo ta gidan, sahu-sahu, har la'asar. Baba bai ci komai ba tun karin safe. Da suka watse Gwaggo ta tausaya masa, ta dama masa fura ta ba shi, ba ƙwaya, ba hutu. Ina shigowa na ji tarin, wani irin tari mara ƙarfi kamar na jariri. Washegari zazzaɓi ya rufe shi. Ranar Lahadi da hantsi ya kasa haɗa kalma uku a numfashi ɗaya. Muka ɗauke shi a motar maƙwabci.

Kwana tara muka yi a asibiti. Furar ta sauka a huhu, ta zama ciwo, ciwon kuma ya ƙara tayar da garkuwar jikin. Aka sa masa iska, aka zura masa roba ta hanci ana ba shi kunu da sirinji. Likitar nan ta zo ta tsaya a kansa, ta ce idan numfashin ya ƙara yin ƙasa sai an sa shi a na'ura. Kwana biyu ina zaune ina ƙirga ɗagawar ƙirjinsa. Ma'aikatan jinyar ɗakin, Allah ya biya su, akwai wadda take juya shi da hannunta tana kiransa Baba kamar nata. Akwai kuma ranar da na yi awa biyu a layin biyan kuɗi aka ce na'urarsu ta tsaya. Har a can ma masu dubiya sun biyo mu, amma can akwai mai gadi, kuma shi ba wanda ya ce masa mara kunya. Gwaggo kuwa ta zauna a bakin baranda ta ƙi cin abinci. Na riƙa kauce mata. Da na buɗe baki da na faɗi abin da ba zai goge ba.

Da aka sallame mu na ɗauki hutun da ba albashi, na kwaso kayana daga Tirwun, mijina ya ce in je in yi abin da ya kamata. Ban sake rubuta kwali ba. Kujera na ɗauka na ajiye a bakin zaure, na zauna da hijabina. Daga sha biyu zuwa biyu ba mai shiga, haka kuma daga biyar zuwa bayan magariba. Mace a bakin zaure tana mayar da dattawa, kowa ya san yadda unguwa za ta ɗauke shi. An ce na mallake ubana. An ce gado nake gadi, gidan da ko siminti bai gama ji ba. Wani tsohon kwamishina ya ce mini ko a fadar gwamnati ba a taɓa tsayar da shi haka ba, na ce ya yi haƙuri ya dawo ƙarfe huɗu. Wasu ba su sake dawowa ba. Abin yana yi mini ciwo, don ni ma da kunyata aka haife ni. Amma Baba ya fara cinye abincinsa, wuyansa ya fara tsayawa, kuma a sati na ashirin ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci.

Wata Laraba, sha biyu da rabi, na riga na ba shi ƙwaya ina jiran lokaci ya cika, sai ga wani tsoho da sanda, riƙe da leda. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Ke ce Iya? Na goya ki a kafaɗa.” Ya ce sunansa Yohanna, daga Bogoro. Na san sunan. Tare aka fara tura su koyarwa ƙauye suna samari, ɗaki ɗaya suka zauna, kwano ɗaya suka ci, kuma Baba ba ya labarin ƙuruciyarsa bai ambace shi ba. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani, na ce ya zauna a wajen maƙwabci zuwa ƙarfe biyu. Ya ce shi ma asibiti ya zo, ɗansa yana jiransa a tasha, motar da za su bi ta kusa cika. Ya ce minti biyu kawai, ya ga fuskarsa.

Na san su biyun nan ba za su yi minti biyu ba. Shekara nawa ba su haɗu ba. Na tuna robar hanci, na tuna ƙirjin da nake ƙirgawa. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, ba zai yiwu ba yanzu.”

Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini ledar, acca ce a ciki, ya ce, “Ba komai, 'yata. Bar shi ya ci abinci. Ki ce masa Yohanna ya zo.”

Ban faɗa ba. Na san idan Baba ya ji zai ture kwano ya ce a bi Yohanna tasha. Na ce sai ya gama ci. Da ya gama na ce sai ya huta. Da ya huta na ji tsoron faɗan da zai yi, na ce sai gobe. Washegari na yi masa gwaten accar, mai laushi yadda zai haɗiye. Ya ci yana santi, ya ce rabonsa da acca irin wannan tun yana saurayi, ina na samo? Na ce a kasuwa.

Bayan sati biyar wani mutum ya yi sallama, shi ma wajen sha biyu da rabi. Na tashi zan yi masa karatun da na saba, ya ce shi ɗan Malam Yohanna ne, saƙon rasuwa ya kawo. Wannan ba a tsayar da shi a ƙofa. Na shiga da shi. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce mahaifinsu ya rasu, an binne shi ranar Asabar. Ya ce har kwana biyu kafin ya cika yana maganar Hedimasta, yana cewa ya zo wancan watan bai samu ganinsa ba, an ce lokacin cin abincinsa ne, amma ya bar saƙo a wajen Iya.

Baba ya yi masa ta'aziyya a taƙaice, ya sa masa albarka, mutumin ya fita. Gwaggo tana bakin ƙofa. Ni ina tsaye da kwano a hannu, ina jiran abin da zai sauko mini. Baba ya daɗe yana kallona.

Ya ce, “Iya, ƙarfe nawa?”

Na ce, “Ɗaya saura kwata.”

Ya ce, “Kawo abincin, kada lokacin ya wuce.”

Na ajiye masa. Ya gyara zama, ya sunkuyar da haɓa yadda likita ta koya masa, ya riƙa kai loma ƙanana yana taunawa a hankali, hawaye yana bin gemunsa. Bai ƙware ba ko sau ɗaya. Ya cinye, ya wanke hannu, ya juya fuskarsa bango.

Har yau bai tambaye ni dalili ba, ni kuma har yau ban samu bakin ba shi haƙuri ba. Yana nan da ransa, har ya yi ƙiba. Gobe ma ƙarfe sha biyu ni ce zan zauna a bakin zauren.